Takardun da Babu Kwafinsu a Ko'ina

Na shafe kusan shekara guda ina zuwa ofishin majalisar wani ƙaramin ƙauye duk ƙarshen mako, ina taimaka wa magatakarda wajen tsara tsofaffin takardun da ya gada daga waɗanda suka riga shi riƙe kujerar. Ofishin ɗaki biyu ne, ɗaya na zaman majalisa, ɗaya kuma na ajiye duk abin da aka rasa inda za a sa shi, kuma a cikin na biyun ne, bayan karyayyun kujeru da gwangwanayen fenti, muka tarar da kabad ɗin ƙarfe guda da akwatunan katako biyu. A ciki akwai littattafan zaman majalisa tun daga na farko, da rajistar haraji, da takardun iyakokin filaye, da wasiƙun da aka yi musaya da hukumomin da ke sama, da rasit masu yawa da aka ɗaure da zare. Magatakardan ya shekara tara a ofishin, amma bai taɓa buɗe akwatunan ba, domin ranar da aka miƙa masa aiki an ba shi mukulli da hatimi da littafin kuɗi, ba a kuwa ce masa komai game da su ba. Ban ga laifinsa ba a lokacin, ban kuma ga laifinsa ba yanzu, amma wannan miƙa aikin da ba a ambaci takardu a cikinsa ba shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tsawon aikin.

Babban abin da ya raba takardun ƙauye da na babban birni shi ne, galibinsu guda ɗaya tak aka rubuta. Idan aka yi yaƙi ko aka sauya gwamnati, labarin yana shiga jaridu da wasiƙun jakadu da littattafan marubuta, ta yadda ko an rasa tushe ɗaya za a samu wani. Amma ranar da mutanen ƙauye suka zauna suka amince cewa iyakar makiyaya za ta bi ta bakin rafi, ko suka yanke shawarar haƙa rijiya ta biyu, ko suka yafe wa wata gwauruwa harajin shekara saboda gobarar da ta cinye rumbunta, mutum ɗaya ne ya rubuta, a shafi ɗaya, cikin littafi ɗaya. A littafin zaman majalisa na farko na ga sunan wani mutum da yake dangwala yatsa a ƙarshen kowane zama, har aka yi zama goma sha wani abu a haka, sai ga shi wata rana ya rubuta sunansa da hannunsa, baƙaƙen suna rawa, tawadar ta ɗiga a gefe. Babu wanda ya rubuta cewa wane ya koyi rubutu a shekara kaza, amma shafin ya nuna hakan ga duk wanda ya bi shi da natsuwa. Na daɗe ina kallon wannan sa hannun, domin na san cewa idan gara ta ci wannan shafin, babu wani wuri a duniya da za a sake ganin shaidar ƙoƙarin mutumin nan.

Idan ana maganar asarar takardun tarihi, gobara ce ke fara zuwa zuciyar mutane, kuma suna da dalili. A watan Mayu na 1871, lokacin tarzomar da aka yi a birnin Paris, an ƙone ginin hukumar birnin tare da rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta ƙarnoni da dama. Dokar Faransa ta tanadi a riƙa rubuta irin wannan rajista kwafi biyu, amma kwafi na biyu yana ajiye a ginin kotu a cikin birnin, shi ma wuta ta cinye shi a cikin kwanakin. An yi asarar bayanai kimanin miliyan 8, kuma duk da shekarun da aka kwashe ana tattara shaidu daga hannun iyalai da sauran wurare, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai aka iya maidowa. A Amurka ma gobarar da ta tashi a wani ginin gwamnati a Washington cikin Janairun 1921 ta lalata mafi yawan takardun ƙidayar jama'a ta 1890, kuma har yau masu binciken asalin iyali suna tuntuɓe da wannan giɓi. Sai dai abin da na gani da idona ya nuna mini cewa a ƙaramin ƙauye takarda ba ta cika mutuwa da irin wannan ƙara ba. Tana ɓacewa ne ranar da aka ce a share ɗaki domin baƙi za su zo, ko ranar da wani magatakarda ya tafi da littafi gida don ya ƙarasa aiki sannan ajali ya riske shi, magada kuma suka ɗauka littafinsa ne, ko kuma a damina uku da rufi ya yi yana ɗiga a kan akwati ba tare da kowa ya leƙa ba. A jerin littattafan zaman majalisar da muka samu, na ɗaya da na biyu da na huɗu suna nan, na uku babu shi, kuma babu wanda zai iya cewa ga shekarar da ya fita daga ofishin.

Ita kanta takardar tana ɗauke da ciwonta a jikinta. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 da tsummokaran auduga da lilin ake yin takarda, kuma irin wannan tana iya shekara ɗaruruwa ba ta karye ba. A shekarun 1840 aka ƙirƙiro hanyar niƙa itace a yi takarda da shi, ta yi arha, ta yawaita, amma tana ɗauke da sinadarin da ake kira liginin da kuma asid, waɗanda ke sa ta yin ja tana ƙeƙashewa har ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Wannan ne ya sa sau da yawa takardar da aka rubuta shekara ɗari uku da suka wuce ta fi wadda aka rubuta shekara tamanin lafiya, kuma galibin takardun farko na ƙananan hukumomi sun faɗa cikin wannan zamani na takarda mai rauni. Tsohuwar tawadar da ake haɗawa da sinadarin ƙarfe ita ma tana cin takarda a hankali, har a ga baƙaƙe sun zama huji. Zafi yana hanzarta duk wannan lalacewa, danshi kuma idan ya wuce kashi 65 cikin ɗari a iskar ɗaki yana gayyato fumfuna, ita kuma tana gayyato ƙwari. Masu sana'ar adana takardu suna son ɗaki mai sanyi, kusan digiri 18 zuwa 20, da danshi tsakanin kashi 35 zuwa 50, amma ƙauye ba shi da injin da zai tabbatar da haka, kuma ban ga amfanin ɗora masa abin da ba zai iya ba. Abin da zai iya shi ne ya zaɓi ɗakin da ya fi kowane bushewa da inuwa, ya ɗaga akwatuna daga ƙasa, ya janye su daga bangon da ke shan ruwa da rana, ya kuma sa wani ya riƙa buɗewa yana dubawa, domin gara da ɓera suna son wurin da ba a taɓawa.

Barnar da ta fi ba ni takaici ita ce wadda masu kyakkyawar niyya suka yi. Wani magatakarda na baya, wanda a bayyane yake yana ƙaunar littattafan, ya bi duk shafin da ya yage ya liƙe shi da salatif, kuma bayan shekaru ledar ta ɓare ta faɗi, gam ɗin ya shige cikin takardar ya bar tabo mai ruwan ƙasa daidai kan rubutun da aka so a ceta. Ƙarafan maƙale takarda sun yi tsatsa sun huda kusurwoyi, robar da aka ɗaure wasiƙu da ita ta narke ta manne, wata taswirar iyaka kuma an kai ta an liƙe ta cikin leda da injin zafi, abin da ba shi da sauƙin warwarewa ko a hannun gwani. A nan ne na fahimci gaskiyar maganar da ake cewa garin neman gira a rasa ido. Takardar da ta yage, a sa ta cikin jakar takarda mai tsabta a bar ta yadda take, har ranar da za a samu wanda ya san aikin. Wanke hannu a shanya shi ya wadatar wajen taɓa takarda, ya ma fi safar hannu wadda ke hana yatsa jin gefen shafi, kuma fensir kaɗai ya kamata ya kusanci teburin. Idan kuwa ruwa ya jiƙa takardu, lokaci gajere ne, domin fumfuna na iya tsirowa cikin kwana biyu. A shimfiɗa su a inuwa inda iska ke ratsawa, waɗanda suka yi yawa kuma a sa su a firiza, daskarewa tana tsayar da lalacewa har a samu sukunin busar da su kaɗan kaɗan.

Ni ma na yi tawa ɓarnar, kuma ina faɗinta ne domin kada wani ya maimaita. A makonnin farko na kwance ɗaurin wasiƙu kusan ashirin na rarraba su bisa abin da suka ƙunsa, na haraji gefe guda, na filaye gefe guda, na hanya gefe guda, ina ganin na kawo tsari. Daga baya na lura cewa a cikin kowane ɗauri akwai ƙananan takardu marasa kwanan wata da marasa suna, waɗanda ma'anarsu ta dogara kacokan ga wasiƙar da aka ɗaure su tare da ita. Wata 'yar takarda da aka rubuta a kanta cewa an amince a ba shi rabin abin da ya nema, da na bar ta inda na same ta, da na san wane ne ya nema da abin da ya nema. Yanzu tana nan a cikin jaka ita kaɗai, ba ta da uwa ba ta da uba. Masu adana takardu sun daɗe da sanin wannan. Tun 1841 aka kafa ƙa'ida a Faransa cewa takardun da suka fito daga hukuma ɗaya a bar su tare, kada a cakuɗa su da na wata, daga baya kuma aka ƙara da cewa a kiyaye jerin da mai su ya bar su a ciki. Tsarin da tsohon akawu ya bi, ko da ya yi kama da hargitsi, shi ma shaida ne kan yadda ofishin ya yi aiki.

Bayan wannan kuskure muka dakata da komai, muka koma ga aikin da ya kamata mu fara da shi, wato rubuta jerin abin da ke akwai. Kowane littafi da kowane ɗauri muka ba shi lamba da fensir, muka rubuta a wani sabon littafi abin da ya ƙunsa, da shekarar da ya fara da wadda ya ƙare, da yawan shafukansa, da halin da yake ciki, da akwatin da aka same shi. Aiki ne mai gajiyarwa wanda ba shi da abin nunawa ga baƙo, kuma ya ci mana wata uku. Amma a ganina shi ne ginshiƙin duk sauran, saboda takardar da ba a rubuta cewa tana nan ba, ranar da ta ɓace babu wanda zai san an yi asara, balle a nemi wanda za a tambaya. Littafi na uku ya ɓace cikin sauƙi ne domin ba a taɓa ƙirga littattafan ba.

Mutane da yawa da suka ji labarin aikin tambayarsu ɗaya ce, ko mun ɗauki hoton komai mun sa a kwamfuta. Mun ɗauka, kuma ina ba kowane ƙauye shawarar ya ɗauka, ko da da wayar hannu ce, muddin an kafa ta a kan wani abu da ba ya motsi, an samu haske mai kyau ba tare da walƙiyar kyamara ba, an kuma sa wa kowane hoto suna da ya dace da lambar da ke cikin jerin. Wanda ya samu na'urar sikana, kada ya yi ƙasa da ɗigo 300 a kowane inci, kada kuma ya danne littafi mai ɗinki har bayansa ya karye. Sai dai hoto ba ya maye gurbin asali, kuma akwai misalin da ya isa gargaɗi. A 1086 aka rubuta kundin ƙidayar filaye da dukiyar Ingila da ake kira Domesday a kan fata, kuma har yau yana nan ana karanta shi. A 1986, domin cikarsa shekara 900, BBC ta shirya sabon kundi na zamani wanda mutane fiye da miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan makaranta, suka ba da gudummawar bayanan garuruwansu, aka adana shi a kan wasu faya-fayai na musamman. Cikin shekara goma sha biyar na'urorin da ke karanta faya-fayan sun kusa ƙarewa, sai da masana suka yi aiki tuƙuru kafin a ceto bayanan. Saboda haka muka bi ƙa'idar da aka saba da ita, kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu daban, ɗaya kuma a wani wuri mai nisa, tare da sanin cewa dole wani ya riƙa buɗe su duk shekara yana kwafe su zuwa sabuwar ma'ajiya kafin tsohuwar ta mutu.

Batun wuri mai nisa ya kai ni ga tambayar da na fi jin ana gardama a kanta, wato ko asalin takardun su zauna a ƙauye ko a kai su babbar ma'adanar gwamnati. Faransa ta yanke nata hukunci a 1970, inda doka ta wajabta wa garuruwan da mutanensu ba su kai 2,000 ba su miƙa tsofaffin takardunsu ga ma'adanar lardi, kuma hujjar a fili take, can akwai ƙwararru da ɗakunan da aka gina domin wannan aiki. Amma a Dublin, a ƙarshen Yunin 1922, lokacin yaƙin basasar Ireland, wuta ta cinye babbar ma'adanar ƙasar, kuma rajistocin coci-coci masu yawa da aka tattaro daga ƙauyuka domin a kare su suna cikin abin da ya ƙone, alhali waɗanda aka bari a hannun limamansu sun tsira. A birnin Kolon na Jamus ma, ranar 3 ga Maris 2009, ginin ma'adanar birnin ya rufta sakamakon aikin haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutum biyu suka rasu, kuma gyaran abin da aka tono aiki ne na shekaru masu yawa. Ra'ayina shi ne, idan ƙauye ba shi da busasshen ɗaki da mutumin da aka ɗora wa alhaki da sunansa, to ya miƙa asalin bisa rubutacciyar yarjejeniyar da ta ce ajiya ce, mallaka tana nan a hannun ƙauyen, ya kuma riƙe cikakken kwafi. Idan yana da su, ya riƙe asalin ya aika kwafin. Shirin da Laburaren Birtaniya ke gudanarwa tun 2004 domin ceto takardun da ke cikin haɗari a sassan duniya a kan irin wannan tunani ya ginu, ana ɗaukar hoto, asalin kuma ya zauna a ƙasarsa.

Akwai kuma abin da babu akwati ko kwamfutar da za ta adana shi. Takardun iyaka cike suke da sunayen wurare da ba sa cikin kowace taswira, daga itacen wane zuwa tsohuwar rijiya, daga dutsen kaza zuwa mashigin kaza, kuma itacen ya faɗi, rijiyar ta cike, matasa ba su taɓa jin sunayen ba. Muka ɗauki kwafin wasu shafuka muka je wurin wani dattijo da ya haura shekara tamanin, na zauna kusa da shi ina karanta masa da ƙarfi saboda idonsa ya yi rauni. Da na zo kan sunan wani mashigi sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya, yaro, sake karanta wannan." Na ce, "Baba, ka san wurin ne?" Ya ce a nan mahaifinsa yake tsallakar da shi a kafaɗa idan rafi ya kawo, kuma wanda ya rubuta takardar ya kuskure, ya ba mashigin sunan wani da ke can sama da shi. Washegari ya sa jikansa ya kai mu wurin. Daga ranar na daina ɗaukar takarda a matsayin alƙali kan abin da tsofaffi suka tuna, ko abin da suka tuna a matsayin alƙali kan takarda. Mun rubuta duka biyun, kowanne da sunan tushensa da ranar da aka ɗauke shi. Na kuma lura cewa littattafan majalisa kusan ba su ambaci mata ba sai a matsayin matar wane ko gwauruwar wane, don haka muka nemi tsofaffin mata musamman, muka naɗi muryoyinsu da izininsu, kuma daga bakinsu muka ji labarin shekarar da rijiya ta ƙafe, wanda littafin ya taƙaita a layi biyu.

Ba duk abin da ke cikin akwati ne ya dace a baza wa duniya ba. Rajistar waɗanda suka kasa biyan haraji da takardun rigimar gado suna ɗauke da sunayen mutanen da 'ya'yansu da jikokinsu ke zaune ƙofa da ƙofa har yau, kuma ƙaramin wuri ba ya manta abin kunya da wuri. Mun adana su kamar sauran, mun sa su a jeri, amma majalisa ce za ta yanke wanda zai gani da lokacin da za a buɗe su.

A zaman majalisa na ƙarshe da na halarta, magatakarda ya gabatar da littafin jerin, aka amince a rubuce cewa daga yanzu duk wanda zai bar kujerar sai ya ƙirga takardun ɗaya bayan ɗaya a gaban magajinsa da shaidu biyu, su sa hannu a ƙarƙashin jerin, kuma babu littafin da zai kwana a wajen ofis. An kuma karanta wa jama'a lambobin abubuwan da suka ɓace, aka roƙi duk wanda ya ga wani tsohon littafi a kayan mahaifinsa ya kawo a duba, ba tare da an tuhume shi da komai ba. Bayan mako uku wata mata ta zo ofishin da littafi a naɗe cikin zane, ta ce a ƙasan akwatin marigayi mijinta ta same shi, kuma ta shekara ashirin tana ajiye da shi domin ta ga hatimi a bangonsa. Ba littafi na uku ba ne, rajistar haraji ce ta shekaru huɗu da ba mu ma san akwai ta ba. Magatakarda ya karɓa, ya rubuta mata takardar shaida, ya ɗauki fensir ya ba littafin lamba ta gaba a jerin, ya kuma bar layin littafi na uku a buɗe yadda yake.